Ƙotar Tsohuwar Bindiga: Man Linsid, Man Tung, Shalak ko Kaki?

A fadojin sarakuna da gidajen sarauta na Bauchi da Gombe, da kuma ɗakunan ajiye kayan tarihi, ba a rasa tsofaffin bindigogi jingine da bango ko kwance cikin akwati. Wasu adaka ne irin waɗanda 'yan bindiga ke harbawa ranar hawan Sallah, wasu kuwa bindigogin soja ne na zamanin Turawa da aka ajiye don tarihi. Kowa ya san abin da ƙarfen bindiga yake so, wato a kawar da tsatsa a shafa mai. Ƙotar ce take rikita mutane. Idan ta bushe ta yi furu-furu, ko ta yi baƙi ƙirin saboda dauɗa, abin da aka saba shi ne a miƙa wa kafinta, shi kuma ya goge ta da sanfefa ya fesa mata banish, ta dawo tana ƙyalli kamar teburin falo, hatiman da ke jikinta kuwa sun tafi ke nan.

Maganar doka tana gaba da maganar mai. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja, har da masu cin harsashi .303 da 7.62, cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, adaka da sauran bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki kuma sai da lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Don haka wannan bayani na masu kula da kayan hukuma da na fada ne, da masu adakar da ke riƙe da takardunsu. Kuma kafin a taɓa komai a tabbata babu ɗuri a ciki, domin adaka takan yi shekaru da albarushi a cikinta babu wanda ya sani. A zura sandar ɗuri cikin bututun har ta tsaya, a yi mata alama, sannan a fitar a gwada ta waje: idan ba ta kai ƙarshen bututun ba, akwai abu a ciki, sai a kira wanda ya san aikin.

Tambayar da za ta yanke rabin shawara ita ce, da me aka shafe wannan ƙota tun farko? Mafi yawan bindigogin sojan da suka shigo ƙasarmu a zamanin Turawa na Ingila ne. Sojojin Turawa ne suka ci Bauchi a 1902, suka yi yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, daga baya kuma 'yan Arewa da yawa suka tafi Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu riƙe da bindigar Lee-Enfield. Samfurin No. 1 Mk III, wanda aka fara a 1907, ƙotarsa yawanci ta itacen walnot ce. No. 4, wadda ta shiga hannun soja a 1941 kuma 'yan sandanmu suka daɗe suna riƙewa, an yi ta da walnot, da kuma itatuwa masu farin jiki irin su bic da barc lokacin da walnot ya yi wuya. Dukkansu ɗanyen man linsid, wato man irin tsiron lilin, aka tsoma su ciki a masana'anta, aka bari ya tsiyaye, babu fenti babu banish. Jamus ma linsid take shafa wa Mauser K98k ta 1935, Amurka ta yi amfani da linsid sannan ta haɗa da man tung, na 'ya'yan wata bishiyar ƙasar Sin, a kan M1 Garand ta 1936. Rasha ce ta bambanta, domin Mosin-Nagant, musamman waɗanda aka sake gyarawa bayan yaƙi, da shalak mai ja-ja, wani irin ƙaro da ake narkawa a shafa, aka rufe su.

Wanda bai san asalin bindigarsa ba yana iya gwadawa. A jiƙa ɗan auduga da sifirit a ɗora a wuri ɓoyayye, kamar cikin kwarin da bututu ke kwanciya, na minti ɗaya. Idan wurin ya yi danƙo, audugar ta ɗauko launi ja ko ruwan zuma, shalak ne. Idan sifirit bai yi komai ba amma tina, ruwan tsinka fenti, ta narkar da shi, laka ce, abin sa ƙyalli da kafintoci ke fesawa, wato wani ya riga ya yi aikinsa a kai. Idan duka biyun ba su ɗauko komai ba sai dauɗa, to ko dai mai ne ya shiga itacen ya bushe, ko kuwa banish ne, kuma ido yana iya rabe su, domin banish yana zaune ne a saman itace har farce yana jinsa, mai kuwa yana cikin itacen ne, ramukan jikin katakon suna nan a buɗe.

Yanayinmu ma yana da bakin magana. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana zuƙe danshin iska har ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katako ya tsuke, tsofaffin tsagu su buɗe. A Maris da Afrilu zafi yana kusantar digiri 40. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman cikin Agusta, iska ta cika da ruwa, katakon ya kumbura, fumfuna ta samu wurin zama. Ƙotar da aka sassaƙa don sanyin Ingila tana yin wannan kai da komowa kowace shekara a Bauchi ko Gombe, kuma duk abin da za a shafa mata dole ne ya iya bin ta idan ta motsa.

Ɗanyen man linsid ana matso shi ne daga irin tsiron da ake saƙa lilin da zarensa. Ba ya bushewa ta hanyar tashi sama kamar ruwa. Iskar oksijin ce take haɗuwa da shi har ya daskare a cikin itacen. Shi ya sa yake da jinkiri ƙwarai, shafa ɗaya takan ɗauki kwana uku zuwa mako guda, a damina ma fiye da haka. Amma wannan jinkiri shi ne amfaninsa, domin yana samun lokacin kutsawa can ciki. Ba ya ƙyalli, kuma da tafiyar shekaru yana rikiɗa ya koma ja mai duhu, wanda shi ne launin da ake gani a tsofaffin Lee-Enfield, launin da wasu ke zaton rini ne. Rauninsa biyu ne: ba ya hana ruwa shiga sosai, kuma fumfuna tana son sa, ta yadda ƙotar da aka cika wa linsid aka ajiye a ɗaki mai laima takan fito da ɗigo-ɗigon baƙi kafin kaka. Duk da haka, ga bindigar Ingila ko ta Jamus da ta bushe, babu abin da ya kai shi dacewa, saboda shi ne abin da ke cikinta tun farko, kuma sabon yana haɗuwa da tsohon ba tare da an kankare komai ba.

Dafaffen man linsid, wanda ya fi samuwa a shagunan fenti, a yau ba dafa shi ake yi ba. Sinadaran ƙarfe irin su kobalt da manganis ake zuba masa don ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai gaggawa zai fi son sa, kuma sakamakonsa bai yi nisa da na ɗanyen ba. Bambancin shi ne ba ya shiga ciki kamar ɗanyen, kuma idan aka maimaita shafawa da yawa yakan taru a sama ya fara wani ɗan sheƙi da bindigar soja ba ta da shi. Idan aka tsaya a shafa biyu ko uku masu sirantaka, ido ba zai rabe su ba. A ganina wanda ke kula da bindigogi da yawa, ba shi da ɗakin da zai rataye ƙota wata guda, ya ɗauki dafaffen babu laifi. Wanda ke da bindiga ɗaya mai daraja kuwa, ya yi haƙuri da ɗanyen.

Man tung daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Sin yake, kuma a wajen tsare ruwa ya fi linsid nesa ba kusa ba. Fumfuna ba ta cika kama shi ba, ba ya kuma duhu da shekaru kamar linsid. Wannan na ƙarshe alheri ne ga sabon katako, amma cikas ne ga tsohuwar Lee-Enfield, domin wurin da aka gyara da tung zai tsaya da haskensa yayin da sauran jikin ke ja. Yana buƙatar kwana biyu ko uku tsakanin shafa da shafa, yana son a maimaita sau biyar ko fiye kafin ya tsare ruwa yadda ya kamata, kuma cikakken bushewarsa yakan kai wata guda. Idan aka bar shi da kauri a sama sai ya yamutse ya yi fari-fari, kuma cire wannan aiki ne. Ga tsada, ga wuyar samu a kasuwanninmu, sau da yawa sai an yi oda. Sannan gwangwanaye da yawa masu ɗauke da sunan tung, banish ne kawai aka tsinka da tina. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ɗiga kaɗan a kan gilashi a bar shi kwana biyu. Mai na gaskiya zai bushe a yamutse, da taushi, farce na iya kwasarsa. Banish zai bushe sumul, da tauri.

Inda tung ya yi fice shi ne adakar da ake fita da ita. Ɗan bindigar da ke gaban sarki ranar hawa yana riƙe da ƙota cikin gumi da hayaƙin albarushi, wani lokaci Sallah ta faɗo tsakiyar damina ruwa ya same shi a fili, bayan an tashi kuma a wanke bututun da ruwa saboda tokar albarushi tana jawo tsatsa. Irin wannan ƙota kariya take nema, ba kamannin masana'antar Ingila ba, musamman idan sabuwa ce da aka sassaƙa da maɗaci ko wani itacen gida. Sai dai itatuwa masu tauri ƙwarai irin ƙirya ba sa shan mai da yawa, don haka shafa ɗaya ko biyu da aka tsinka sun wadatar, abin da ya wuce haka a sama zai zauna yana danƙo.

Shalak wani ƙaro ne da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan. Ana sayar da shi ɓaro-ɓaro, a narka shi cikin sifirit. Kimanin giram 120 cikin lita ɗaya ya ishi aikin gyara. Yana bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma babban kyansa shi ne sabon yana narkar da tsohon su haɗe, ta yadda ƙotar Mosin-Nagant da ta kakkarce ana iya gyara ta da ɗan burushi mai laushi ba tare da an cire na asali ba. Duk ranar da aka so cire shi kuma sifirit ya isa. Amma ruwa yana bar masa farin tabo, zafi mai tsanani yana sa ya yi laushi, kuma idan aka shafa shi ranar da iska ke cike da danshi sai ya yi hazo-hazo. Wanda aka narka ya daɗe fiye da wata shida ma ba a amince masa ba, domin yakan ƙi bushewa. Hukuncinsa gajere ne: a sa shi inda aka same shi, kada a sa shi inda babu shi.

Banish da laka da kafintocinmu ke fesawa an yi su ne don kujera da ƙofa. Suna yin fata mai tauri a saman katako wadda ba ta bin motsin itacen, don haka bayan hunturu biyu ko uku sukan tsattsage a gefen ƙarfe da bakin tsagu, ruwan damina ya shiga ta nan ya maƙale a ƙarƙashi. Ba a kuma gyara wuri ɗaya a bar saura. Sai an kankare duka. Tru-Oil na kamfanin Birchwood Casey na Amurka, wanda ake yabawa a intanet, duk da sunansa da kuma linsid da ke cikinsa, halinsa na banish ne. Yana da kyau a kan bindigar farauta ta zamani, amma a kan ƙotar soja ƙyallinsa yana tona kansa daga nesa.

Akwai kuma mayukan gida, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Man gyaɗa da man ja da man kaɗe ba sa daskarewa a cikin itace. Suna zama ne jiƙe, suna kama ƙura, wasunsu su yi hamami, kuma duk ƙotar da ta sha su, linsid ko tung ba zai bushe a kanta yadda ya kamata ba. Baƙin mai na mota ya fi duka muni. Mutane suna shafa shi don korar gara, amma yana ratsa zaren itacen ya sa shi ya yi laushi, musamman a wuyan ƙota inda ƙarfe ke dukan katako duk lokacin da aka yi harbi, kuma daga nan ne tsagewa ke farawa. Sai dai a yi adalci: tsohuwar adakar gado da ta yi shekaru aru-aru tana shan man kaɗe da gumin hannu da hayaƙin ɗaki, har ta yi wani baƙi mai santsi, wannan baƙin ya zama wani ɓangare na tarihinta. Ba a wanke shi don a sa mata man Turawa. A daina ƙara mata kawai.

Wannan ya kawo mu ga kaki, wanda mutane ke rainawa saboda ba ya sauya kamannin komai. Masu adana kaya a manyan gidajen tarihi yawanci ba sa ƙara wa tsohon katako mai ko kaɗan, saboda man da ya shiga ya daskare ba ya fita, kuma yana ci gaba da duhu. Abin da suke yi shi ne su share, su shafa kaki siriri. Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950, shi ne sananne, domin ba ya cin ƙarfe ko katako, ana shafa shi a kan duka biyun, kuma tafentin, wani ruwan tsinka fenti, yana cire shi. Kakin zuma, wanda ba ya wuyar samu a wajen masu zuma a ƙasarmu, yana iya maye gurbinsa idan aka tace shi sosai aka narka shi da tafentin a cikin kwanon da aka ɗora cikin ruwan zafi, nesa da harshen wuta. Rauninsa shi ne a zafin bazara yakan yi laushi ya kama ƙura, don haka a shafa kaɗan a goge sosai da ƙyalle. Ga bindigar da ke cikin akwatin gilashi, wadda ƙotarta ba ta bushe har ta yi fari ba, kaki shi kaɗai shi ne zaɓina.

Ko me aka zaɓa, shiri ne ke raba aiki mai kyau da ɓarna. A ɗauki hoton kowane hatimi tukuna: alamar kibiya mai faɗi da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayanta, lambobi, haruffan masu duba aiki, da faifan tagulla da ke gindin wasu No. 1 Mk III. Idan za a raba katako da ƙarfe a wannan samfurin, dole a fara cire katakon gaba kafin a juya dogon kusar da ke riƙe gindin, domin kan kusar yana shiga cikin katakon gaban ne, kuma juya shi a haka yana tsaga shi. Dauɗa ana cire ta da ƙyalle da tafentin, a hankali, wuri bayan wuri. Kada a jiƙa ƙota cikin ruwa, kada a kusantar da kanwa ko soda, domin suna ƙona zaren itace su sauya launinsa. Inda mai ya jiƙa katako, a kwaɓa garin alli da sifirit a shafa, a bari ya bushe ya zuƙo man, a kakkaɓe, a maimaita. Inda katako ya lotsa amma zarensa bai yanke ba, jiƙaƙƙen ƙyalle da bakin dutsen guga sukan ɗago shi, amma ba a kusa da hatimi ba, domin tururin ba ya bambanta rauni da hatimi. Sanfefa kuwa a ajiye ta gaba ɗaya. Baya ga shafe alamomi, tana zagaye gefunan da aka yanke a miƙe, tana kuma sa katako ya yi ƙasa da ƙarfen da ya kamata ya ɗan ɗara, kuma wannan ba ya gyaruwa. Idan dole ne a lallashi wani wuri, soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ya isa.

Shafa man kanta ba ta da wuya, kuskuren kawai shi ne yawa. Karo na farko a haɗa mai da tafentin rabi da rabi. A ɗiga kaɗan a tafin hannu, idan dafaffen ne a sa safar roba saboda sinadaran da ke cikinsa, a murza cikin katakon har ya ɗumama. A bar shi minti ashirin zuwa talatin, a lokacin zafi ƙasa da haka, sannan a goge da busasshen ƙyalle har ya zamana hannu ba ya ɗauko komai. Bayan awa guda a sake dubawa, domin ramukan walnot sukan fito da ɗigon mai, a goge su tun ba su daskare ba. A rataye ƙotar a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba. Kada a ƙara wata shafar sai ta farko ta daina danƙo ta kuma rage wari. Ƙarshen katako, wato gindi ƙarƙashin faifan ƙarfe da bakin gaba, ya fi ko'ina shan danshi, don haka ya fi ko'ina buƙatar mai, kuma shi ne aka fi mantawa.

Ƙyallen da aka goge linsid ko tung da shi yana iya kama wuta shi kaɗai idan aka dunƙule shi aka jefa a kwando, saboda haɗuwar man da iska tana haifar da zafi, ƙyallen kuma yana riƙe zafin. A ɗakin da ake ajiye albarushi wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. A shanya shi a baje a waje kan siminti har ya bushe ƙarau, ko a nutsa shi cikin bokitin ruwa.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin a nan shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, katakon ya saki danshin damina, kuma hazo bai yi kauri ba tukuna. A tsakiyar hunturu ƙura tana manne wa mai tun bai bushe ba, sai dai idan akwai ɗaki rufaffe. A Agusta kuwa linsid yana iya yin makonni yana danƙo. Bayan an gama, kada a mayar da bindigar jingine da bangon ƙasa inda gara ke bi, kuma a kwantar da ita ko a sa bakinta ƙasa, domin man ƙarfe kada ya gangaro cikin ƙotar. A rubuta a takarda abin da aka shafa, da yadda aka tsinka shi, da watan da aka yi aikin, a ajiye takardar tare da bindigar, saboda wanda zai karɓi aikin a gaba ya san abin da ke cikin katakon kafin ya ɗora wani abu a kai.